Kalmomin Kowa

Tun da aka binne 'yarsa, Abdoul Razak bai sake jin yunwa ba, bai kuma fasa cin abinci ba. In an ajiye masa kwano ya ci, in ba a ajiye ba ya sa takalmi ya hau moto ya nufi biro, wurin aikinsa. Mutanen unguwa suka ce yaron nan akwai tawakkali. Su dai mutane in suka ga mutum bai yi kuka ba sai su ba shi ladansa tun a duniya, alhali shi jin kansa yake kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ko an tsikare ta ba ta san an yi ba.

Hidaya sunan yarinyar, shekararta biyu da 'yan watanni. Zazzaɓin damina ne ya ɗauke ta lokacin da gero ya fara fidda kai, shi kuwa yana Yamai, an tura shi istaj, wato ƙaro sanin aiki. Wan matarsa ne ya buga masa waya. Kafin mota ta kawo shi Damagaram, ya sauka ya nemi ta Magariya, har ƙasar kabarin ta sha ruwan sama ta kwanta. Ya zauna a tabarma aka yi ta miƙo masa hannu. Kowa ya ce zazzaɓi ne, kowa ya ce sai haƙuri, kuma duk gaskiya suka faɗa. Abin da yake son ji ne babu mai faɗa masa: yadda kwanakin suka tafi, ko ta sha wuya, ko ta neme shi, a hannun wa ta cika. Mutum ɗaya ce ta san wannan, matarsa Zouera, ita kuwa ba ta ce uffan ba.

Ba gaba take yi da shi ba. Tana gaishe shi, tana kai masa ruwan wanka, tana tambayarsa ko a ƙara miya. Hidaya 'yar fari ce, magana ta ƙare. Tun tana raye Zouera ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in ta faɗi ma kau da kai take yi har wani ya ɗaga ta. Haka aka tarar, haka uwarta ta yi, haka kakarta. Shi ma uban bai tsira ba, don a gaban manya ba ya ɗaukarta, sai sun shiga lungu yake ɗora ta a kan tankin moto. Duk wanda ya ƙirƙiro kunyar ɗan fari bai yi shawara da ranar mutuwa ba. Ga mutum biyu a ɗaki ɗaya, ita ba ta iya faɗa, shi ba ya iya tambaya, a haka har aka yi girbi aka ɗaure dammuna.

Biron nasu na wani furoje ne mai bincike kan abin da ke kashe ƙananan yara, a wani gidan haya mai dogon yaro a tsakar gida. Suna da matan anket, masu tattara bayani, da ke zaga unguwannin Magariya, su je Bande, su je Dantchiao, har ƙauyukan Dungass. Duk gidan da aka yi rashin yaro, bayan 'yan makonni sai ɗayarsu ta je ta yi gaisuwa, sannan ta fito da tabilet ta yi wa uwar tambayoyi. Yawancin tambayoyin na i ko a'a ne. A ta ƙarshe ce kawai ake sakar mata baki, a ce ta ba da labarin yadda abin ya faru. Abin da ta faɗa ana rubuta shi yadda ya fito, a cire sunaye, a sa lamba, ya zo ya kwanta a cikin babban ordinater, wato kwamfuta, wanda Abdoul Razak ke kula da shi. Shekara da shekaru ana tarawa. Amsoshin i da a'a ana haɗa su a yi rahoto, labaran kuwa dubbai ne, babu mai lokacin karanta su, sun zama rumbun da aka manta ba a yi masa ƙofa ba.

Dokta Maina, shugaban furojen, shi ya gaji da wannan. Wata safiya ya jawo kujera ya zauna kusa da Abdoul Razak.

"Matan nan sun yi magana, mu kuma mun ajiye kamar ba su yi ba. Ina so in na rubuta amalanke, injin ya fito mini da duk uwar da ta ce amalanke. In na rubuta shiɗewa, haka. Za ka iya?"

"Abin da aka koya mana ke nan a Yamai, Dokta."

Dokta ya tuna abin da zuwa Yamai ɗin ya ci. "In aikin zai yi maka nauyi, sai in nemi wani daga Damagaram."

"Zan yi," in ji Abdoul Razak.

Ya san labarin Zouera yana ciki. Hajja, babba a cikin matan anket, wadda ta yi unguwarzoma kafin gwiwa ta hana ta durƙuso, ita ta je gidansa wata rana yana biro. Da ya dawo Zouera ta ce masa, "Hajja ta zo." Ya ce, "To." Tun daga ranar yake kwana yake tashi da sanin cewa abin da yake nema yana cikin injin da shi yake share wa ƙura. Bai taɓa dubawa ba. Ya yi alkawari tun ranar da aka ɗauke shi aiki cewa ba zai bi sawun wanda ya sani ba, kuma abin da ke haɗa lamba da suna yana wurin Dokta a kulle. Amma in wannan aikin ya tashi, ba sai da suna ba. Kalma ɗaya ta isa, irin wadda ba za a faɗa ba sai a gidansa. Bai ce wa kansa zai yi ba, bai kuma ce ba zai yi ba.

Aikin ba shi da wuya, cin rai ne da shi. Injin zai bi labaran ɗaya bayan ɗaya ya yanyanka su kalma-kalma, kowace kalma a yi mata rumfarta kamar a kasuwa, a rataya mata lambobin duk waɗanda suka faɗe ta. Andeks ake ce wa wannan. Mai nema ba sai ya zaga kasuwar duka ba, rumfa ɗaya zai nufa. Kuran, wato lantarki, ya yi ta ɗaukewa aikin na tsaka, a tashi gurup mai ba da wuta, a sake daga farko. Abdoul Razak bai yi tsaki ko sau ɗaya ba, shi da a da in kuran ya ɗauke har masu sayar da rake a ƙofa sai sun ji.

Da injin ya gama zagayen farko sai ya jero masa kalmomin da suka fi yawa. Na saman ba abin mamaki ba ne: da, ya, ta, sai, kuma. Ƙasa da su kaɗan ga Allah, ga haƙuri, ga kwana, ga ƙare, ga karɓi, ga abinsa. Ya rubuta haƙuri don gwaji, injin ya yi nishi ya kwaso masa kusan rumbun gaba ɗaya. A ƙa'idar sana'ar, kalmar da kowa ya faɗa ba ta nemo kowa, nauyi kawai take ƙara wa andeks, saboda haka ware ta ake yi gefe. Yana cikin warewa Dokta ya leƙo ta bayansa.

"Waɗannan fa?"

"Su za a fitar. Nasara suna ce musu kalmomi fanko."

Dokta ya ɗora yatsa a kan gilashin, daidai wuri ɗaya. "Har da wannan?"

"Ba gogewa za a yi ba, Dokta. Yana nan a cikin labarin yadda aka faɗe shi, nemansa ne kawai ba za a yi ba."

"Na ji. Amma ba a biron nan za a sa sunan Allah a ƙarƙashin fanko ba. Sake musu suna."

Abdoul Razak ya goge, ya rubuta kalmomin kowa. Dokta ya ce yauwa, ya koma mazauninsa hankali kwance, kamar wanda ya raba faɗa.

Ranar da andeks ya kammala, Dokta da kansa ya rubuta amalanke. Kafin ya ɗage yatsa labarai sun jeru. Wata daga wani ƙauyen Dungass ta ce amalanken ya kafe a kwari bayan ruwa, san da ke jansa ya ƙi motsi, yaron ya cika a cinyarta tana jin kiran sallar garin da gidan likita yake. Wata daga Bande ta ce an yi ta ce mata haƙora ne, ita ma ta yarda haƙora ne, har idonsa ya juye. Wata ta faɗi abin da 'yarta ta ci na ƙarshe, da launin zanen da ta goya ta da shi, da yadda har yau in ta sunkuya sai ta kai hannu baya ta tare. Ashe matan nan magana suke yi, ba kaɗan ba. Dokta ya cire madubin idonsa ya goge, ya ce shekara nawa muna zaune a kan wannan. Abdoul Razak ya karanta su duka, ya duba ko injin ya tsallake wata, ya ga bai tsallake ba, ya ce aikin ya yi.

Bayan azahar Dokta ya tafi taro, matan anket suna ƙauye, biro ya rage daga shi sai ƙarar fanka. Ya rubuta Yamai. Labarai kaɗan suka fito, na matan da mazansu suka tafi cirani, babu nata. Ya rubuta istaj, injin ya ce babu. Ya rubuta biro, ya rubuta tanki. Ya rubuta waya, suka fito da yawa, ya bi su ɗaya ɗaya, mata suna ba da labarin wayar da aka yi ta kira tana kashe. Ya rubuta babanta, suka fi na waya yawa, ya bi su su ma har wuyansa ya ƙage. An ce mai nema yana tare da samu, to ranar nan dai samun bai zo aiki ba.

Zai rufe ke nan ya lura da wani ɗan saƙo da injin ya ajiye a ƙasa tun da safe. Wai akwai labaran da ba su shiga andeks ba, don da aka ware kalmomin kowa ba abin da ya rage a cikinsu. Wannan aikinsa ne, dole ya duba. Ba su da yawa. Kowanne da unguwarsa ko ƙauyensa, da watan rasuwa, da shekarun yaron, da ko shi ne na nawa a wurin uwarsa. Kusan dukkansu 'ya'yan fari ne. Wajen tsakiya ya ga unguwarsu, ya ga watan, ya ga mace, ya ga shekara biyu. Ya danna.

"Kwana ne ya ƙare. Allah ya ba mu, ya karɓi abinsa. Sai haƙuri."

Iyakarsa ke nan. Ya gangara ƙasa ko akwai saura, babu. Ya jira ya ji ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa, bai motsa ba. Ya tashi ya sha ruwa a randa, ya dawo ya sake karantawa, ya ce a ransa kunya ce, kamar sauran.

Wajen la'asar sakaliya Hajja ta dawo daga Dantchiao a bayan moto, ta shigo tana dafa bango, ta miƙa masa tabilet ya juye abin da ta samo. Ta zauna a benci tana murza gwiwa. Bai dube ta ba ya yi magana.

"Hajja, akwai labaran da suka ƙi shiga. Ba a ce komai a cikinsu ba sai abin da kowa ke cewa. Kusan duk 'ya'yan fari ne."

"To me kake so su ce, uwar miji na zaune a bakin ƙofa tana tsintar wake, kunnenta na wurinmu? In na samu na janye yarinya, na ce ta rako ni bakin hanya, magana take yi sai na ce ya isa. Ɗan fari ko ɗan auta, ai naƙudar ɗaya ce. Ni baƙuwa ce, shi ya sa suke faɗa mini. Sun san in na tashi maganar ta bi ni ta tafi, ba za su gamu da ita a bakin rijiya ba."

"Gidana babu uwar miji."

Hajja ta daina murza gwiwar. Ta dube shi, ta dubi injin, ta sake dubansa.

"Ka duba ke nan."

"Na duba."

"Ba ka kyauta ba, ɗan nan."

"Na sani."

Da alama Hajja tana auna ko faɗar ta fi ko barin, ita da ta san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Can ta gyara lulluɓinta.

"Tun da ka riga ka gani, gara ka ji sauran, kada ka ɗora mata abin da ba nata ba. Mu kaɗai ne a gidan. Duk tambayoyin ta amsa mini. Da muka zo ta ƙarshe ta gyara zama, ta ja numfashi, na ce a raina yau za a sauke kaya. Har ta buɗe baki, sai idonta ya faɗa kan abin nan da ke hannuna. Ta ce, Inna, wannan biron su yake zuwa? Na ce can yake zuwa, amma ana cire suna. Ta ce, shi yake gyara shi? To ƙarya zan yi mata? Na ce shi ne. Sai ta faɗi abin da ka gani, ta tashi ta damo mini fura."

Fanka ta ci gaba da juyawa. Abdoul Razak ya zare igiyar tabilet ɗin, ya naɗe ta a yatsunsa, ya warware, ya sake naɗewa.

"Fushi take yi da ni?"

"Ban sani ba. Ko tausayinka take ji, ko haushinka, ko duka biyun, ni ban shiga ranta ba. Abin da na sani, matar da ke ƙauyen da ko rezon waya babu ta samu wanda za ta faɗa wa. Taka ba ta samu ba."

A nan ne ya ji wani abu, ba mai yawa ba, kuma ba baƙin ciki ba ne, kunya ce. Watanni yana gadin injin nan yana zaton maganarta na ciki, ashe gadin nasa ne ya hana ta shiga. Ya miƙa wa Hajja tabilet ɗinta, ta sa a jaka, ta ce masa sai da safe.

Ya ƙarasa aikin a makon. Ya yi wa labaran da suka ƙi shiga wata alama ta daban, yadda duk mai nema zai ga suna nan ko da ba su da rumfa. Dokta ya ji daɗi, ya ce za a gyara yadda ake tambayar uwayen 'ya'yan fari, ya rubuta wa manyansu na Yamai cewa andeks ya tashi. A gida kuwa ana nan yadda ake. Ya sha zama da kwano a gabansa yana shirya tambayar a bakinsa, in Zouera ta ɗago ta dube shi sai ya ce a miƙo gishiri.

Ranar Juma'a da aka tashi aiki ya tarar da Hajja a ƙarƙashin dogon yaro tana jiran mai moto.

"Hajja, gobe ba aiki. Ko za ki koma mata?"

"In koma in yi me? An riga an rufe nata."

"Ba na biro ba. Ki bar jakar a gida."

Hajja ta gane. "Ka san in ta faɗa mini ba zan faɗa maka ba."

"Na sani."

"Ko ka tambaya."

"Ba zan tambaya ba."

"To ka zo ka ɗauke ni bayan azahar, gwiwar nan ba ta kai ni unguwarku."

Ya je ya ɗauko ta, hannunta ba komai sai carbi. A ƙofar gida ta sauka, ta yi sallama ta shiga. Ya ji tana cewa wucewa ta zo yi ta ce bari ta leƙo, mai gidan ya sauke ta ya yi gaba, yau ba ta zo da aiki ba, ga hannunta ma. Shi kuwa bai yi gaba ba. Ya jingine moto ya zauna a kan dakali, bayansa na jikin katanga. Katangar ta ƙasa ce, ba ta da tsawo, ko cokali ya faɗi a tsakar gida ana ji.

Aka yi gaishe-gaishe. Aka shimfiɗa tabarma, ya ji ƙarar moɗa a bakin randa. Daga nan shiru, shiru mai tsawo, har ya fara tunanin ya wahalar da tsohuwa a banza. Sai ya ji muryar Zouera, ƙasa-ƙasa, irin wadda bai ji ta yi ba tun kafin damina. Ta tsaya, ta ci gaba, ta sake tsayawa, sannan ta miƙe ba tsayawa. Da farko gunaguni ne kawai yake isowa. Da muryar ta ƙara ƙarfi sai kalmomin suka fara rabuwa da juna, ya ga in ya ƙara jingina kansa kaɗan zai ji komai, daga daren farko har zuwa ƙarshe, kuma babu wanda zai san ya ji.

Ya tashi tsaye. Bai tayar da moton ba, don kada ƙararsa ta gaya mata yana nan. Ya kama ƙahonsa ya tura shi a cikin yashin lungun, yana nishi, ya wuce gidan maƙwabci, ya wuce masallacin unguwa, muryar na binsa tana raguwa. Sai da ya kai bakin titi, inda ba a jin komai sai injin niƙa, sannan ya tsaya ya zauna a kan moton yana kallon masu wucewa.

Har aka kira la'asar Hajja ba ta fito ba.